Tsoro Na Daji, Kunya Na Gida

 

Yau dai na ajiye maganar kishiya da ta uwar miji a gefe, don na san kunnuwanku sun gaji. Maganar fim na ɗauko, fim ɗin ma irin wanda ake kallo da tafin hannu a kan fuska ana leƙe ta tsakanin yatsu, in an gama a shiga neman mai rakiya banɗaki. Kada wata ta ce min ita ba ta kallo. Na san ana kai waya wurin masu turi a cika ta dam, in maigida ya fita hira yara sun yi barci sai a ja bargo a kunna, can tsakar dare kyanwa ta ture murfin tukunya a tsakar gida ki ji hanjin cikinki ya kaɗa.

Fina-finan ban tsoro iri-iri ne. Akwai na mahaukaci mai wuƙa da ke bin mutane yana yankawa, wannan ni ban ɗauke shi a bakin komai ba, in jini nake son gani ai na san hanyar kwata. Akwai na tsohon gida mai fatalwa. Amma wanda yake bina har cikin barci shi ne na daji, wanda za ki ga 'yan birni sun saɓa jaka sun nufi wani ƙungurmin daji ko wani ƙauye da ke bayansa, mutanen wurin su ce musu ga abin da ba a yi a nan, su yi dariya su aikata, sannan abin nan da kakannin mutanen wurin suka daɗe suna ba da labarinsa ya taso musu. Na kalli na ƙasashe da dama, abin da ya ɗaure min kai kuwa shi ne duk inda aka yi shi, ko Turawa ne ko Indiyawa ko 'yan uwanmu na kudu, ƙashin bayan labarin ɗaya ne da tatsuniyar da aka yi mana a kan tabarma.

Bari in fara da wanda ya fi taɓa ni, na ƙasar Indonesiya, mai suna KKN di Desa Penari, wanda ya fito a 2022, wani mai suna Awi Suryadi ya ba da umarninsa. KKN ɗin nan wani aiki ne da ɗaliban jami'a ke zuwa yi a ƙauyuka kafin su kammala karatu, kusan kamar bautar ƙasar da ake tura 'ya'yanmu, sauran sunan kuma yana nufin a ƙauyen mai rawa. Mutum sama da miliyan 9 suka shiga silima suka kalle shi a ƙasarsu, da aka ƙara masa tsawo aka sake fitarwa adadin ya haura miliyan 10. Ki tuna fa Indonesiya ƙasar Musulmi ce, Musulmin cikinta sun haura miliyan 200, shi ya sa ina kallo ina jin kamar 'ya'yan maƙwabta nake gani. Ɗaya daga cikin 'yan matan, Nur, da hijabinta, tana alwala tana salla kamar ni da ke.

Su shida suka tafi, mata uku maza uku, wani ƙauye a gabashin tsibirin Java wanda sai an ratsa daji a kan babur ake isa. Dagacin ƙauyen ya zagaya da su, ya nuna musu wata hanya da ta miƙe cikin kurmi ya ce kome rintsi kada wani ya bi ta. Tun daga nan abubuwa suka fara. Ɗaya daga cikinsu, Widya, tana jin kiɗa yana tashi daga cikin daji, sauran ba sa ji. Akwai wani tsoho masanin wurin da ya ba su baƙin kofi ba sukari, wanda ya ji ɗaci lafiyarsa ƙalau, wadda ta ji zaƙi kuwa to an riga an sa mata ido. Widya ta kurɓa ta ji zaƙi. Wallahi wannan wurin kaɗai ya fi min dodo goma ban tsoro, don ba ihu ba jini, kofi ne kawai a hannun yarinya.

Akwai kuma ranar da ita da wani cikin mazan suka shiga gari sayayya, yamma ta yi musu a hanya, babur ya mutu a tsakiyar daji. Sai ga mutanen kirki sun fito sun taimaka, ga biki ana yi ga kiɗa ga abinci, har aka ƙunsa musu guzuri a ganyen ayaba. Da suka isa masauki aka buɗe ƙunshi sai ga kan biri. Ke 'yar uwa, wace ce a cikinmu ba ta taɓa jin labarin wanda ya faɗa kasuwar aljanu da dare, ya yi ciniki ya dawo gida ya tarar da ganye a aljihu ba?

Mai dajin wata aljana ce kyakkyawa mai rawa, Badarawuhi, wadda asalinta macijiya ce. Ita Widya take so. Amma ta hanyar son zuciyar wasu ta shigo. Ayu tana son Bima, shi kuma Bima Widya yake so, aljanar ta ba kowanne abin da zai kai shi ga muradinsa, ita Ayu gyale, shi kuma abin hannu da zai kai wa Widya. Su biyun suka bi hanyar nan da aka hana, suka aikata alfasha a wurin da mutanen gari ko tari ba sa yi. Ƙarshe dai an kwaso jikinsu an mayar gida amma kurwarsu tana can, ita tana rawar da ba ta ƙarewa, har rai ya yi halinsa. Wanda bai ji bari ba ai ya ji hoho.

To ni abin da na tuna ina kallon nan kakata ce, Allah Ya jiƙanta. Tana da dokoki da ko alƙali bai kai ta yawansu ba. Ba a fita da almuru. Ba a zama ƙarƙashin tsamiya da tsakar rana. Ba a zubar da ruwan zafi a ƙasa sai an yi bismilla, don kada a ƙona 'ya'yan mutanen ɓoye. Ba a fito da baki cikin dare. In kin ji an kira sunanki daga duhu kada ki amsa sai kin ga mai kiran. In guguwa ta taso a kauce mata. In an je itace aka ga abu a ajiye a gindin kuka, ko ƙwarya ce ko tsumma ko kuɗi, ba a ɗauka. Muna yara muna ɗaukar abin tsufa ne kawai, amma da na girma na lura kusan kowace doka a ciki tana tsare yarinya daga wani abu da ido ke gani. Almuru lokacin fitowar maciji da kunama ne, da mugayen mutane. Ruwan zafi yana iya samun yaro mai rarrafe. Muryar da ke kiranki daga duhu kuwa, ko ba aljani ba ne, ai ba mai nufinki da alheri ba ne. Tsofaffi sun san in suka ce wa yaro akwai maciji zai ce shi jarumi ne, in suka ce akwai masu wurin sai ya shiga taitayinsa. Wasu daga cikin dokokin ma suna da tushe a addini, don ya tabbata a hadisi cewa a tsare yara a gida idan rana ta faɗi.

Haka tatsuniya take. Da an ce ga ta nan ga ta nanku, mun san ba za a jima ba za a bar gari a shiga daji, a nan dodo yake, a nan kura take, a nan ake haɗuwa da tsohuwa. Ku tuna Daskin-da-Riɗi, 'yan mata sun ci ado sun kama hanya, suka tarar da tsohuwa ta roƙe su su cuɗa mata baya, kowacce ta yatsina fuska ta wuce, sai wadda aka raina ce ta tsaya ta yi, ita ce kuma ta samu sirrin da sauran suka rasa. Ku tuna budurwar da ta ƙi duk samarin garinsu ta ce sai kyakkyawan baƙo, aka ɗaura aure suka kama hanya, ana nisa da gari ango yana rikiɗa har ya koma dodo. Daji a tatsuniya wurin jarrabawa ne, ana gwada ladabinki da kwaɗayinki da jin maganarki. Abin da masu fim ɗin Indonesiya suka yi ke nan, sai dai su sun samu kyamara da kuɗi.

Sai dai akwai abin da ke min ciwo, zan kuwa faɗa. Me ya sa a irin waɗannan labarai kullum mace ce abin nema? Ita aljana ke so, ita ake shiga jikinta, ita ke mimmiƙewa tana magana da muryar ƙato. A wurinmu ma haka abin yake. Yarinya ta daɗe ba ta yi aure ba a ce namijin dare ne, mai jego ta shiga damuwa ta daina barci ta daina magana a ce iska ce, mai farfaɗiya ta faɗi a ce mutanenta ne suka zo. Ni ban musa aljanu ba, Alƙur'ani ya tabbatar da su, sura guda ce sukutum da sunansu, kuma ruƙiyya gaskiya ce. Amma na ga inda aka turara wa baiwar Allah barkono aka zane ta da bulala wai aljani ake duka, alhali ƙwayar maganin asibiti take buƙata. In za a yi addu'a a yi, a kuma kai ta likita ya duba, ɗaya ba ya hana ɗaya. Wannan tsakure ne, mu koma daji.

Na biyu na gida ne, The Figurine, wanda Kunle Afolayan ya yi a 2009, wasu suna kiransa Araromire. Shi ma masu bautar ƙasa ne, abokai biyu, Femi da Sola. Ramsey Nouah ne ya fito a Femi, shi Kunle ya fito a Sola. Suna cikin daji ruwa ya kama su suka fake a wani tsohon ɗakin tsafi, suka ga wani gunki na itace, Sola ya ɗauke ya jefa a jaka. Kin ga dokar kakata ta gindin kuka? Labarin gunkin shi ne duk wanda ya taɓa shi zai samu shekara 7 na arziki, sannan shekara 7 na masifa su biyo baya. Haka kuwa aka yi, aiki ya samu, ciwo ya warke, Sola ya auri Mona suka haihu suna cikin daula. Shekara 7 na cika komai ya fara rushewa. Mona ta jefar da gunkin, ya dawo. Aka sake rabuwa da shi, ya sake dawowa.

Ku yi min afuwa waɗanda ba su kalla ba, zan ɓata muku ƙarshen don a nan maganata take. Ashe Femi tun suna jami'a yake son Mona, ya haɗiye abin a ciki shekara da shekaru yana dariya da mijinta. Shi ya sa aka sassaƙa gumaka masu kama da na farko, ƙanwarsa da ke zaune a gidan ita ke mayarwa duk lokacin da aka jefar. Daga ƙarshe shi ya kashe abokin nasa da hannunsa. Fim ɗin bai yanke hukunci ba, ya bar mai kallo da tambaya, shin gunkin ne ya yi aiki ta hannun Femi ko kuwa hassada ce tsagwaronta ta fake da gunki? Ni dai na san amsata. Sau nawa a gidajenmu ake tono laya a bakin ƙofa a ce asiri ne daga nesa, alhali wadda ta binne ta tare ake cin tuwo da ita? Da ɗan gari akan ci gari. Fim ɗin ya ci kyautar gwarzon fim a gasar fina-finan Afirka ta AMAA a 2010, ni kuma na ce ya cancanta.

Turawa ma ba a bar su a baya ba. A 1999 wasu samari biyu a Amurka, Daniel Myrick da Eduardo Sánchez, suka yi The Blair Witch Project. Ɗalibai uku ne suka shiga wani daji a jihar Maryland da kyamara, suna bin labarin wata mayya da mutanen wani ƙaramin gari ke bayarwa. Suka ɓata, taswirarsu ta salwanta, su yi ta tafiya yini guda su dawo inda suka tashi, da safe su tarar an jera tarin duwatsu a bakin tantinsu, da dare su ji kamar muryar yara. Kuɗin da aka fara kashewa a kansa bai wuce wajen dala dubu 60 ba, ya kawo kusan dala miliyan 250. Labarin mayyar ma ba na gado ba ne, su suka ƙirƙire shi suka yi masa ado har mutane da yawa suka ɗauka da gaske ne. Abin lura a nan, daga farko har ƙarshe ba a nuna mayyar ba ko sau ɗaya. Ba fuska, ba farce, ba komai. Duhu ne da reshe da numfashin yarinya mai kuka.

A nan ne nake da ƙorafi da namu na Hausa. Tun daga Turmin Danya a 1990 ake yin fim a Kano, an kuma yi na aljanu ba adadi, amma ku faɗi gaskiya, wanne ne ya hana ku barci? Da an ce aljani sai a samo ƙato a shafa masa farar hoda ko baƙin tukunya, a sa masa ja a baki, ya bayyana ɓat ya ɓace ɓat, yana wata dariya mai amsa kuwwa, yara suna kallo suna tuntsirewa. Saura minti biyar fim ya ƙare sai ga malam da carbi, ya tofa, aljani ya kama da wuta, shi ke nan. Kakata ba ta taɓa gaya mana kamannin dodo ba. Cewa take yi ana jin takunsa, ana jin warinsa, sai ta yi shiru ta dube mu ɗaya bayan ɗaya. Kowacce a cikinmu ita ta zana nata dodon a zuci, kuma ba mai hodar da zai kai wannan muni.

Ba kuma rashin abin faɗa ba ne. Dutsen Dala yana nan a tsakiyar Kano, tarihi ya kawo labarin Barbushe da Tsumburbura, da itaciyar da aka kewaye da katanga wadda ba mai shiga wurinta sai shi kaɗai. Kasuwar Kurmi da muke zuwa sayen turaren wuta da kayan ɗaki, sunanta ma ya isa ya gaya miki abin da ke wurin kafin a kafa ta a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, kurmi ne a bakin Jakara wanda mutanen da suke girmamawa suke shakka. Rijiyar Kusugu tana Daura, da labarin macijin da ya hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a. Ga labaran maharba da namun dajin da ke rikiɗa, ga na 'yan ruwa da masunta ke bayarwa, ga Jangare birnin iskoki da 'yan bori ke ambato. Wasu za su ce ai wannan tono jahiliyya ne. Ni a ganina ba da labarin abin da kakanni suka yi imani da shi daban, yin imani da shi daban. Abubakar Imam malami ne ɗan malamai, bai hana shi cika Ruwan Bagaja da aljanu ba tun a 1934, an kuma karantar da mu shi a makaranta ba wanda ya bar salla saboda haka.

Inda ya kamata a yi hattara shi ne inda fim ke koya wa mutum cewa mafita ita ce ya yi wa mai daji yanka ko ya nemi tsarinsa. A irin fina-finan nan za ki ga ana ajiye wa iskoki abinci da furanni ana roƙonsu. Wannan ki kalla a matsayin al'adar masu shi, kada ya wuce ido. Larabawan jahiliyya ma in suka sauka a wani kwari sukan nemi tsarin shugaban aljanun wurin, Suratul Jinni ta ambaci masu neman tsari da aljanu ta kuma nuna ba abin da hakan ya ƙara sai ɓata. Mu an koya mana addu'ar da ake yi in an sauka a baƙon wuri, ita ta ishe mu. Yara ƙanana kuwa don Allah a daina ba su waya da irin wannan a ciki. Tatsuniya tana da ƙurunƙus, ana rufe ta a watse a kwanta a jikin uwa, mai ba da labarin tana ganin idon yaro, in ta ga tsoron ya yi yawa sai ta sako Gizo da Ƙoƙi a yi dariya. Waya ba ta san wannan ba.

Masu son Indiya kuma na san za ku ce ban ambaci Kantara ba. Shi ba na ban tsoro ba ne zalla, amma yana cikin dangi. Rishab Shetty ya yi shi a 2022 da harshen Kannada na kudancin Indiya, shi ne kuma jarumin. Wani sarki ne a 1847 ya ba mutanen daji fili a madadin wani dutse da suke bauta wa, aka yi alkawari ba za a karɓe ba. Jikoki suka zo, ƙasa ta yi daraja, suka ce sai an dawo musu da abinsu. Duk ihun nan da ke sa tsigar jiki tashi, in kin bi shi a hankali rigimar fili ce tsakanin mai kuɗi da talakawa da ma'aikatan gandun daji. Mutanen da ba su da takarda ba su da lauya, abin da suka mallaka kawai shi ne tsoron da ake yi wa dajinsu. Wannan ya sa na yi tunanin kukokin ƙauyenmu. Muddin ana cewa da masu su, ba mai kai musu gatari, ana samun kuka ana samun inuwa. Da tsoro ya kau, masu gawayi da masu itace suka shiga dazuzzuka, yanzu sai ki yi tafiya mai nisa ba ki ga duhuwar da za ta ɓoye akuya ba.

To amma 'yan uwa, akwai maganar da nake ta kewaye-kewaye ban faɗa ba, don tana da nauyi a baki. Mu yanzu wane fim za a yi mana a tsorata mu da daji? A daren 14 ga Afrilu 2014 aka kwashi 'yan mata 276 daga makarantarsu a Chibok aka nufi dajin Sambisa da su, dajin da a da gandun namun daji ne, har yau akwai waɗanda ba su dawo ba. A Disamba 2020 aka kora yara maza sama da 300 daga makarantar Ƙanƙara a ƙafa zuwa cikin daji. A Fabrairu 2021 aka ɗauki 'yan mata 279 a Jangebe ta jihar Zamfara. Waɗannan su ne aka ƙirga saboda 'yan makaranta ne. Matan da aka ɗauka a gona, da a hanyar kasuwa, da a ɗakunan aurensu a ƙauyukan da ke bakin dajin Rugu da na Kamuku, su wa ya ƙirga su? Dodon tatsuniya yana da doka, in kin gaishe shi ya ƙyale ki, in kin cuɗa wa tsohuwa baya ta ba ki sirri, in ba ki taɓa abin gindin kuka ba kin tsira. Aljanar Indonesiya ma sai da aka tsallake iyakarta. Waɗannan yaran kuwa wace iyaka suka tsallake? Suna kwance a ɗakin kwanansu dajin ya taso ya same su.

Wata baiwar Allah da ta baro ƙauyensu da 'ya'yanta saboda wannan masifa ta taɓa shigowa muna kallon irin fim ɗin nan, ta tsaya ta ɗan duba, ta ga yarinya na gudu cikin itatuwa ana bin ta. Ba ta ce mu kashe ba. Cewa ta yi, ita wannan ai da takalmi a ƙafarta. Ta ajiye abin da ta kawo ta fita. Ba wadda ta iya ci gaba da kallo a cikinmu.

Na yi ta tunanin me ya sa duk da haka muke kallo, har da ni mai wannan surutu. Ina jin don a fim tsoro yana da dalili yana kuma da iyaka. An ce kada ka yi, ka yi, ka gani. Mai laifi ya mutu, mai salla ta tsira, rubutu ya hau, ki kashe waya ki tofe 'ya'yanki da addu'a ki kwanta. Zuciyar da ta yini tana jin labarin wanda aka ɗauke ba laifin tsaye ba na zaune, tana samun wani irin hutu a wurin da ake bin ƙa'ida, ko da ƙa'idar macijiya ce.

In da masu shirya fim ɗinmu za su saurari matar gida irina, ga wanda nake so su yi. Ba sai sun sayi hoda ba. A samu ƙauye a bakin daji, a samu 'yan mata uku su tafi itace da hantsi. A gindin wata tsohuwar kuka su tarar da tsohuwa zaune ita kaɗai, ba wanda ya san ta a garin, ƙafafunta a rufe da zane. Ta ce wa ta farko zo ki duba min kaina, ta yi tsaki ta wuce. Ta biyu ma haka. Ta uku ta ajiye gammonta ta durƙusa ta gaishe ta ta fara tsefe mata kai, tana tsifa tana ganin abin da bai kamata a gani a kan ɗan Adam ba, amma ta daure ba ta ce uffan ba. Tsuntsaye su yi tsit. Mai kallo ya gama sakankancewa yanzu tsohuwa za ta rikiɗa. Sai a jiyo kukan babura daga nesa, ba ɗaya ba ba biyu ba, yana matsowa. Tsohuwar ta ɗaga kai ta saurara, a ga idonta ya cika da tsoro, ta miƙe ta kama hannun yarinyar su ruga tare.